Hutun teku: don mi masuntan Gana suka ƙi shi?

Gaisuwa ta musamman gare ku ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Yamai. Sannunku da ƙoƙari. Mai takarda shi buɗe, shi bi da yatsa. Wanda ba ya da ita shi kasa kunne.

Yau za mu yi tafiya mai nisa, har bakin teku, ƙasar Gana. Da yawa cikinku suna da kaka ko kawu da ya taɓa zuwa can neman kuɗi, Kumasi ko Akra, wadda mutanenmu ke ce ma Ankara. Zancenmu na kifi ne da masunta. Ga tambayar da za mu bi: in gwamnati ta ce a bar su na wata guda don kifi shi hayayyafa, mi ya sa masunta ke ƙi, alhali su ne za su ci amfanin?

Teku da masu cin abinci cikinta

Nijar ba ta da teku. Teku ruwa ne mai gishiri, ido ba ya ganin iyakarsa. Bakin tekun Gana ya kai kilomita 550, kusan tafiyar mota daga Yamai zuwa Tawa. Akwai garuruwan masunta jere a gaɓa, kamar Keta, Tema, Elmina da Aksim. Kwale-kwalensu sun fi 12.000. Maza ke shiga ruwa. Mata ke sayen kifin a gaɓa, su yi banda, su kai kasuwa. Mai sassaƙa jirgi, mai ɗinkin koma, mai itacen banda, mai mota, duk a nan suke ci.

Kifin da talaka ya fi dogara da shi ƙarami ne. Sunansa sardin, ɗan uwan wanda kuke gani cikin gwangwani. Shi ne naman miyar gidan da ba ya iya sayen rago.

To, ku rubuta lissafi. A shekarar 1996 an kama sardin kimanin ton 135.000 a Gana. Ton guda kilo 1.000 ne. A shekarar 2016 an kama kimanin ton 29.000 kaɗai. Wato cikin buhu 5, kusan buhu 1 ya rage. Manomin da gonarsa ta saba ba shi dami 100, ta koma ba shi 21, ya san abin da wannan ke nufi.

Mi masana suka ce?

Hanya biyu ake bi don kifi shi huta. Ta farko, a keɓe wani wuri cikin teku, a taƙaita su a cikinsa, kamar yadda aka keɓe gandun daji na W a ƙasarmu. Senegal ta keɓe irin waɗannan wurare guda 5 a shekarar 2004. Ta biyu, a keɓe wani lokaci cikin shekara, a ce kowa shi ɗaure jirginsa. Wannan ita ce gardamar da aka yi a Gana.

Daga watan bakwai zuwa watan tara na nasara, ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku. Yana zuwa da abincin kifi. Sardin sai shi taru da yawa, shi zuba ƙwai. Masana suka ce: wanda ya kama kifi mai ƙwai kamar wanda ya yanka tunkiya mai ciki ne. A bar shi wata guda, musamman watan takwas, shi zuba ƙwansa tukuna. Magana ce mai ma'ana. Ba manomin da ke daka irin shukarsa shi yi fura.

Mi masunta suka ce?

A shekarar 2018 gwamnatin Gana ta sanar da rufe teku daga 7 ga watan takwas zuwa 4 ga watan tara. Masunta suka ƙi. Suka yi ta kuka har aka ɗage abin zuwa shekara mai zuwa. Kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Ku ji dalilansu guda uku.

Na ɗaya, yunwa. Watan takwas shi ne kakar masunta. Lokacin nan ne kifi ke yawa, a biya bashi, a yi ma yara tufafi. Masunci ba ya da rumbu. Abin da ya kamo yau shi gidansa zai ci gobe. In jirgi ya kwana a gaɓa kwana 30, tandun banda na matarsa ma ya mutu kwana 30.

Na biyu, rashin shawara. Sanarwa ta zo saura makonni kaɗan. Mutane sun riga sun ci bashi, sun gyara koma, sun sayi mai. Suka ce: an yanke magana a birni, sannan aka kawo mana ita.

Na uku shi ne mafi nauyi. Suka ce: ba mu kaɗai ke kwasar kifin ba. Akwai manyan jiragen ƙarfe masu jan ƙatuwar koma a ƙasan teku. Izininsu na kifin ƙasa ne. Amma suna kwasar ƙananan kifi, har da ƴaƴan da ba su girma ba. A lokacin nan sukan daskarar da su cikin ƙanƙara, su sayar ma wasu kwale-kwale a tsakiyar ruwa, a kawo gaɓa, musamman Elmina. Wannan ciniki sunansa saiko, kuma doka ta hana shi. Ƙungiyoyi biyu, EJF ta Ingila da Hen Mpoano ta Gana, sun bincika. Sun ce a shekarar 2017 kaɗai kifin saiko ya kai kimanin ton 100.000. EJF ta kuma ce yawancin jiragen nan tutar Gana suke ɗauke da ita, amma masu su kamfanonin ƙasar Sin ne.

Masunta suka ce: ku fara tsayar da babba, sannan ku zo ga ƙarami. Mi amfanin mu bar kifi shi zuba ƙwai, in wani zai zo shi kwashe ƴaƴan?

Laifin da ke gida

Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Cikin masu kwale-kwale ma akwai masu ɓarna. Wasu suna kunna babbar fitila cikin ruwa da dare, kifi shi taru, su kwashe shi duka. Wasu suna jefa nakiya. Wasu suna zuba guba. Wasu komarsu idonta ƙanƙane ne, ko ɗan tsako ba ya tsira. Doka ta hana duk waɗannan. Kwale-kwale kuma sun yi yawa bisa kifin da ya rage. In aka huta wata guda, sannan aka koma ruwa da fitila da nakiya, an zubar da abin da aka tara.

Yadda abin ya gudana

A 2019 aka rufe teku ga masu kwale-kwale daga 15 ga watan biyar zuwa 15 ga watan shida. Masunta sun fi yarda da wannan lokaci, don kifi ba ya da yawa. Masana kuwa suka ce ba shi ne babban lokacin ƙwai ba.

A 2020 ba a rufe ba. A 2021 aka tsaya tsakiya: watan bakwai. Masu kwale-kwale su huta wata 1, manyan jirage su huta wata 2, watan bakwai da watan takwas. Haka aka yi a 2022, 2023 da 2024. Gwamnati ta raba shinkafa da man girki a garuruwan masunta. Da yawa suka ce taimakon bai isa ba, bai kai ga kowa ba. Bayan waɗannan shekaru, sardin bai koma yawan da yake da shi a 1996 ba.

A 2025 sabuwar gwamnatin shugaba John Mahama ta fitar da masu kwale-kwale daga hutun shekarar. Manyan jirage kuwa sun huta wata 2 kamar da. Cikin shekarar aka yi sabuwar dokar su. A da, an hana manyan jirage kusantar gaɓa da kimanin kilomita 11. Sabuwar doka ta mai da shi kimanin kilomita 22. Masunta sun yi murna. Masu kula da kifi kuwa suna fargaba, don matsalar ƙwai tana nan, ko da an janye dokar hutu.

Ranar Talata

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe. A yawancin garuruwan bakin tekun Gana, tun kaka da kakanni, ba a shiga ruwa ran Talata. Ranar nan ake ɗinkin koma, a gyara jirgi, a sasanta rigima gaban sarkin masunta. Ku lissafa: Talata 52 ke cikin shekara. Wato kwana 52, sun fi kwana 31 na watan bakwai. Mutanen da suka ƙi kwana 31 su ne ke barin ruwa kwana 52 ba da soja ba.

Ashe masunci bai ƙi hutu ba. Dokar Talata tasu ce, kowa ya san ta tun yana yaro, kuma ta hau kan mai jirgi goma da mai jirgi guda. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Dokar hutu tana kamawa in an cika sharaɗi uku. A shawarci masu ruwa tun da wuri. A fara da mai babban jirgi. A tanadi abin da iyali za su ci cikin watan hutu. Su ma masunta da nasu nauyi: su ajiye fitila, nakiya da guba.

Mu ma muna da masunta, a kogin Kwara, a tafkin Madarunfa, a Tabalak, a Komadugu da tafkin Cadi. Muna da sarakunan ruwa. Maƙwabtanmu na Argungu suna hana su a Matan Fada sai ranar biki. Ran da aka kawo maganar hutun tafki a garinku, ku je taron. Yanzu kun iya karatu. Ku nemi a ba ku takardar, ku karanta da kanku, ku ga wa ta hana, kwana nawa, mi aka tanada.

Aikin wannan mako

1. Ku cire 29.000 daga 135.000. Ton nawa aka rasa?

2. Ku rubuta dalilai uku da suka sa masuntan Gana suka ƙi hutun 2018.

3. Ku tattauna da malaminku: akwai wata doka ta gargajiya a garinku da ke kare tafki, makiyaya ko itace? Wa ke tsaron ta? Ana bin ta har yau?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ko da layi biyu ne. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.