Ina "n" ɗin Ƙauran Namoda?

Gaɓa huɗu ce a sunan Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bungudu: Kwa-tar-kwa-shi. Amma a takardun Turanci "Kotorkoshi" za ka gani, mai karanta labarai kuma ya bi takarda ya tauna. Tsafe ma ta daɗe tana amsa "Chafe" a taswira. Gu-sau dai ta tsira.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Ƙauran Namoda. Allon hanya ya yar da "n" ɗin da ke ɗaure Ƙaura da Namoda, har yaranmu sun fara faɗa haka. Mutanen Nowe ma suna ɗaure kalmomi biyu da "s" a tsakiya, kuma suna rubuta abinsu.