Kaka a Lokacin Kaka: Kayan Wasan Kara Tsakanin Kakanni da Jikoki



Kalma ɗaya Bahaushe yake kiran mahaifiyar uwa ko ta uba da ita, yake kuma kiran lokacin girbi da ita: kaka. Ban zo da wani bayani kan asalin wannan gamo ba. Abin da na zo da shi shi ne wani ɗan aiki da yake haɗa su biyun a tsakar gida, wato kayan wasan da yara ke ƙerawa da kara bayan an kai amfani rumbu, da dalilin da ya sa nake ganin kakanni ne malamansa na asali.

Gero yakan riga nuna, a yanke shi wajen Satumba. Dawa da maiwa sai Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da iskar hunturu ta fara busar da komai. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman dawa a duniya, Nijar kuma tana sahun gaba a gero, saboda haka daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram kara ba abin nema ba ne a wannan lokaci. Manya su ɗebi na darni da gadon kara da makamashi, dukawa su nemi karan dafi don rina fata ja. Ragowar na yara ne.

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka shirme ne. To ga yadda abin yake. Karan dawa ake so, busasshe, mai kauri. A yanka tsakanin gaɓa da gaɓa, a ɓare ɓawon siri-siri a tsaye, sai totuwa ta fito fara, mai laushi. Ita ce katako, ɓawon kuma shi ne ƙusa da ƙarfe: a soka shi a cikinta ya riƙe, ba gam ba zare. Tabarau ne darasin farko. A lanƙwasa ɓawo biyu su zama zobba, a cusa bakunansu cikin guntun totuwar da zai zauna kan hanci, a ƙara biyu masu zuwa kunne. Daga nan sai keke, sai mota, wadda ake feƙe mata taya da sakaina, ko da tsohon silifa a zamanin nan, a yi mata sitiyari da dogon sille don yaro ya tuƙa yana tafe. 'Yan mata su samu totuwar masara, su yi mata gashi da gezarta, su ɗaura mata ƙyalle, 'yar tsana ta samu. Idan kududdufi bai gama ƙafewa ba, a ɗebo yumɓu a gina shanu, a kafa musu ƙaho da ƙayar aduwa.

A cikin motar nan kaɗai akwai awo da lissafi. Gatari ya karkace, mota ta ƙi tafiya. Taya ɗaya ta fi sauran girma, ta yi ta ɗingishi. Ɓawo ya bushe da yawa, ya karye wurin lanƙwasa, sai an ɗan jiƙa shi. Kuma yana da kaifi kamar reza. Ni kaina ina da tabonsa a ɗan ali. Ranar da na yanke, kakata ba ta yi salati ta ƙwace karan ba. Dariya ta yi, ta ce, "Maigida, haka za ka yi mini noman, kara ma ya kayar da kai?" Ta ɗaure yatsan da tsumma, ta nuna mini yadda ake jan ɓawo waje da jiki, ta miƙo mini wani.

A nan hujjata take. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai kunya, musamman ɗan fari, wanda wata uwar ko sunansa ba ta faɗa. Uba kuwa idan ya zauna koyar da ɗa, gyara yake yi, yaron na ɗari-ɗari. Jika da kaka wasa ne tsakaninsu tun fil azal. Ta kira jikanta namiji miji, mace kishiya. Tsoho ya kira jikanyarsa amarya. Yaro zai ɓata kara goma a gabanta, ta tsokane shi ya rama, ya sake ɗauka. Aikin hannu kuwa sai da ɓarna ake iya shi. A bakin nan nata ne kuma yake jin zangarniya da sille da ƙaiƙayi da takanɗa, kalmomin da yaron birni zai iya gama sakandare bai ji ba.

Kada a ce abin ya tsaya ga yara. A Damagaram an san wasan kara, inda jama'a ke kwaikwayon masu mulki da muƙarrabansu don raha da hannunka-mai-sanda, sunansa ma daga karan ya samo.

Me ya rage wannan aiki na yara? Wayar hannu ake fara zargi, amma ni ina ganin kara ne ya yi daraja. Yanzu ana niƙa shi abincin dabbobi, ana sayar da shi dami-dami, manomi ba ya barin sa a gona. Jikoki kuma suna birni, kaka tana ƙauye, ba a haɗuwa sai da salla, ita kuwa salla zagayawa take yi, ba kullum take faɗowa a kaka ba. Wani abin dariya: na ga littafin yara da aka shigo da shi daga Ingila yana koya musu manna jajayen ganyen da ke zuba a can kafin sanyi, malama na ta neman irinsa a garin da kara ke jibge bayan katangar makaranta. Su Turawan abin da ƙasarsu ta zubar suka tsinta, tun zamanin Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a Jamus a 1840.

Shawarata ga malaman firamare ba ta buƙatar kasafi. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta riga ta tanadi darasin fasaha da al'adu, kuma zangon farko yana ƙarewa a Disamba, daidai bushewar kara. A sayo dami biyu, a gayyato tsofaffin unguwa uku ko huɗu, a shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin bishiya, malami ya koma gefe. A karkaɗe damin tukuna saboda kunama, a tambayi mai gonar ko an yi masa feshi kusa da girbi, wuƙa kuma ta zauna hannun babba. Ga iyayen da ke birni, hutun Disamba ne lokacin kai yara gida. Wanda hanya ba ta yi masa ba, idan za a aiko masa da buhun dawa, ya ce a ɗaura masa kara goma a kai.