Allah Wanda Ya Zauna A Unguwarmu



Karatunmu daga Bisharar Yohanna ne, sura 1 aya 14. Malaman Littafi Mai Tsarki sun nuna mana cewa kalmar Helenanci da Yohanna ya yi amfani da ita don zaman Yesu a cikinmu tana nufin kafa alfarwa, kamar yadda baƙo yakan sauke kayansa ya kafa bukka kusa da taka. Wato Allah bai leƙo mu daga nesa ya koma ba. Ya ɗauki jiki, ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru. Luka ya ce yana da wajen shekara 30 sa'ad da ya fara hidima. Kafin nan fa? Yana Nazarat yana sassaƙa, maƙwabta suna kawo masa aiki. Ikkilisiya ta taru a Kalsidon a shekara ta 451 ta tabbatar da abin da muke riƙe da shi har yau: shi cikakken Allah ne, kuma cikakken mutum.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan tambaye mu, a kasuwa ko a ɗakin karatu, yaya Maɗaukaki zai ci abinci ya yi barci? Kada mu yi fushi. Girman Allah suke kishi, mu ma muna kishinsa. Amsarmu ita ce, ƙauna ce ta sauko da shi, saukowar kuwa ba ta rage masa kome ba.

Bishara ma da ƙafa ta iso mana. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana ba da magani, yana aiki a kan Hausa, har aka buga Littafi Mai Tsarki da harshenmu a 1932. Da mishan ya koma Wusasa a 1929, majami'ar St. Bartholomew da aka gina ta ƙasa ce, irin ginin gidajen Hausawa. Duk wanda bai taɓa shiga ba, ya daure ya je. Mutum yakan dafa bangon nan ya tuna cewa daga ƙasa aka yi mu, irin wannan jiki kuwa Ubangiji ya ɗauka.

To, 'yan'uwa, ga inda maganar take da nauyi. Ba mu manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u masu yawa. Ba mu manta da ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 ba, da bam ya tashi a babbar majami'ar Christ the King a Sabon Gari da kuma ta ECWA a Wusasa. Akwai waɗanda suke zaune a nan da suka binne nasu. Tun daga nan da yawa cikinmu muka ja jiki. Wasu sun sayar da gida sun ƙaura, ba mu kuwa zarge su ba, kowa ya san nauyin iyalinsa. Amma mu da muka rage, katangarmu ta yi tsawo. Maƙwabci ya yi suna ba mu je barka ba, ya yi rashi ba mu je ta'aziyya ba. Gadi a ƙofar majami'a wajibi ne, mu ci gaba da shi. Sai dai Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu a lokacin da kowa yake gudunsa, mu kuma gaisuwar safe ta fara yi mana wuya.

Har a tsakaninmu ma akwai wannan nisa. Masu sujadar Turanci da masu sujadar Hausa sukan wuce juna a ƙofa kamar ba jiki ɗaya ba ne. Ɗalibi yakan zo Jami'ar Ahmadu Bello daga nesa, ya gama shekara huɗu bai taɓa cin tuwo a gidan ko ɗaya daga cikinmu ba.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya, kafin Kirsimeti, su rubuta sunayen gwauraye, marasa lafiya da ɗaliban da ba za su tafi gida hutu ba, a raba wa iyalai su ziyarce su. Abincin Kirsimeti kuma, a aika wa maƙwabta kamar yadda iyayenmu suka saba, har da gidan da aka daɗe ba a gaisa ba.

Mu tashi tsaye mu yi addu'a.