Kuɗin Karatu: Aikin da Ke Gaban Ɗan Ajin Ƙarshe Kafin Tallafi Ya Iso

Laccar da aka gabatar a taron iyaye, malamai da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare daga Tungar Guru da ƙauyukan da ke kewaye

 

Tambayar da aka ce in amsa ita ce: yaron da ya gama sakandare a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum, wanda ubansa ba shi da komai sai gona, ina zai sami kuɗin karatun gaba? Kuɗin akwai. Sai dai kusan duk wani tallafi na gwamnati ba ya isowa sai yaro ya riga ya shiga makarantar. Abin da ke tsakanin ajin ƙarshe da ƙofar jami'a, wannan namu ne, kuma a nan yaranmu ke zubewa.

Bari mu fara da abin da ke akwai. A watan Afrilu na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar lamunin ɗalibai, wadda ta maye gurbin ta 2023, kuma a watan Mayu na shekarar asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu ta intanet. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ba ta hannun ɗalibi ba, sannan wanda ya nema ana ba shi Naira 20,000 a wata don abinci da ƙananan buƙatu. Tsohuwar dokar ta nemi a kawo masu tsaya wa mutum, ta kuma duba samun iyaye; sabuwar ta cire waɗannan sharuɗɗa. Lamunin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Makarantar kuɗi ba ta ciki. Ban da wannan, akwai Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Zamfara a Gusau, da ta Tarayya a Abuja. Su kyauta suke bayarwa, amma su ma sai ga mai takardar shiga makaranta a hannu.

Na san abin da ke ran dattawa: bashi ne, kuma bashin gwamnati. Gaskiya ne, kada kowa ya gaya wa yaro cewa rabonsa ne na arzikin ƙasa. Amma babu ruwa a cikinsa. Abin da aka ci shi za a biya. Biyan yana farawa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu, kuma dokar ta yi tanadin yafewa idan wanda ya ci ya rasu. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Aibinsa shi ne a ci ba da niyyar biya ba. Malamanmu suna zaune a nan, su suka fi ni sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ina roƙon su yi wa iyaye bayanin wannan a masallaci, domin maganarsu ta fi tawa shiga.

To, yanzu ga aikin. Mai neman lamuni sai ya kawo lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, da lambar rajistar makarantarsa, kuma sai makarantar ta tura sunansa ga asusun. Kwamfuta ce ke gwada waɗannan bayanai da juna, ita kuwa ba ta san Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne ba. Yaro a firamare Sani Garba, a NIN Sani Abubakar, a banki an ƙara masa sunan garinsu, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A wurinmu duk shi ne. A wurin na'ura mutum uku ne, kuma ba ɗayansu da zai sami ko kwabo. Gyaran suna daga baya yana cin kuɗi, da rantsuwar kotu, da zirga-zirga zuwa Gusau a hanyar da kowa ya san halinta. Saboda haka tun zangon farko na ajin ƙarshe, a zauna da uba da shugaban makaranta a tsayar da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, a bi su a NIN, WAEC, NECO, JAMB da banki. A karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, tun ba a matsu ba. Layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi ya zama na yaron, ya riƙe shi, kada ya zama na mai shagon kwamfuta. Kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro lamuni, ɗan damfara ne; ba a biyan ko kwabo wajen nema.

Ku kuma sani cewa ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, Zamfara na cikinsu. Wannan gurbi ba ya bin yaro gida. Sai wanda ya rubuta jarrabawa, ya sami kiredit 5 har da Turanci, da Lissafi idan fannin da yake nema na buƙatarsa, ya kuma amsa tayin gurbin a shafin JAMB kafin lokaci ya wuce.

Saura maganar da ta fi damuna. Kuɗin fom na JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, kwanan gari, jarrabawar tantancewa ta jami'a, tafiyar farko da katifa da buhun abinci: babu asusun da ke biyan waɗannan. Ba su kai kuɗin bikin da muke yi ba, amma su ke tsayar da yaro mai ƙoƙari a gida. Muna da hanyoyinmu. Mata suna da adashi. Manoma suna fitar da zakkar hatsi bayan kaka, daidai lokacin da ake shirin sayar da fom. Jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ƴan garin nan da ke aiki a Gusau, Sakkwato da Abuja za su taimaka idan suka ga lissafi a rubuce. Shawarata ita ce a kafa kwamiti na mutum kaɗan, da liman da malamin makaranta da mace ɗaya aƙalla, su riƙe sunayen ƴan ajin ƙarshe, mata da maza, su bi takardun kowa, su tara kuɗin fom kafin sabuwar shekara. Tunda sabis ba shi da tabbas, kuma mun ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan a 2021, a riƙa kai yara cike fom a rukuni, da wuri.

Ba sai na tuna wa Tungar Guru shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Likitocin da suka zo ceto daga nesa suka zo. Yaran da aka goya a wancan lokaci su ne ke kai wa ajin ƙarshe yanzu. Idan muna son ma'aikatan lafiya da masana ma'adinai waɗanda ba za su tattara kayansu su tafi ba, daga cikin waɗannan za su fito.

Ina roƙon kafin a watse, shugaban makaranta ya karanto sunayen ƴan ajin ƙarshe, kowane uba ya faɗi ko ɗansa yana da NIN ko babu, a kuma zaɓi ƴan kwamiti a gaban mai gari. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba ƙasarmu lafiya.