Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba: Rikicin Hanji, Nono da Sauya Yadda Muke Rayuwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan'uwan da data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar ciwon ciki za mu yi, kuma zan faɗi abubuwa da sunansu: kashi, gudawa, tusa, kumburi. Duk wanda kunya ta kama ya yi haƙuri, don kunyar nan tana cikin abin da ke hana mu samun sauƙi.

In ka zauna a majalisa a Roni ko Amaryawa, ko ka shiga Kazaure, ka ce cikinka na damunka, kafin ka rufe baki an gama yanke maka hukunci. Wannan ya ce olsa ce, wancan ya ce basir ne, na uku ya ce taifot. Sunaye 3 ke nan muke raba wa duk wani ciwon ciki. Daga nan sai kemis, a haɗo maka Flagyl da maganin olsa, ko ka tsaya wajen mai lasifika a kasuwa ya ba ka jarka. Ka sha, ka ɗan ji dama, bayan sati 2 abin ya dawo. Na san matasa da suka yi shekaru a wannan zagayen, kuɗi na tafiya, ciwo na nan.

To akwai wata lalura da likitoci ke kira IBS. Ni da Hausa ina ce mata rikicin hanji. Olsa gyambo ne na gaske a tumbi, kuma galibi wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Likitoci 2 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da batun ƙwayar, har suka samu kyautar Nobel a 2005. Shi kuwa rikicin hanji, ko an leƙa cikin ba za a ga gyambo ba. Hanjin ne ya zama mai saurin fushi: wani lokaci ya yi ta gudu, wani lokaci ya cije, iska kaɗan ta taru ya ji kamar an hura balo. Ma'aunin da ƙwararru suka fitar a 2016, mai suna Rome IV, ya ce ana zargin lalurar ne idan mutum na ciwon ciki aƙalla rana 1 a mako tsawon wata 3, tare da aƙalla 2 daga cikin waɗannan: ciwon yana da alaƙa da fita bayan gida, yawan fitar ya sauya, kamannin kashin ya sauya, kuma abin ya faro aƙalla wata 6 da suka wuce. Wani nasa gudawa ce, wani taurin bayan gida, wani yau wannan gobe wancan. A duniya ana ƙiyasta mutum 4 zuwa 10 cikin 100 na da ita, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka, kuma ta fi kama mata.

Kafin mu ci gaba, ku riƙe wannan da kyau. Idan akwai jini a kashi, ko kana ramewa ba dalili, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko gudawa na tashin ka cikin dare, ko abin ya fara wa mutum bayan ya haura shekara 50, to wannan ba zancen nono ko sauya abinci ba ne. Asibiti za a nufa, Babban Asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa, in ta kama a tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ko babu waɗannan alamomin ma, a yankinmu sai an fara gwada kashi, don tsutsar ciki da ƙwayoyin da ke shiga ta gurɓataccen ruwa suna kawo alamomi kusan iri ɗaya. Likita ne zai ce IBS ce, ba ni ba, ba TikTok ba.

Yanzu mu zo kan furobayotik, kalmar da kuke gani a tallace-tallace. A hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa da ido ba ya gani, kuma da yawansu aiki suke mana: suna taya narkar da abinci, suna tare wa masu cutarwa wuri. Furobayotik na nufin irin waɗannan ƙwayoyin masu rai da mutum zai ci ko ya sha, da yawan da zai amfane shi. Tun 1907 wani masani ɗan Rasha da ke aiki a Faris, Élie Metchnikoff, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da nono mai tsami da suke sha. Wato abin da 'yar Fulani ke kawo mana a ƙwarya kullum, shi Turawa suka rubuta littafi a kai. Ƙwayoyin da ke tsamar da madara ta koma nono ko kindirmo 'yan gidan waɗanda ake zubawa a kafso ne.

Kun ga inda matsalar shan antibayotik barkatai take? Maganin ba ya tantance aboki da maƙiyi. Duk lokacin da ka sha Flagyl ko cipro ba tare da gwaji ba, kana kashe har da ƙwayoyin da ke maka aiki, kana kuma koya wa masu cutarwa yadda za su bijire wa magani. Ranar da taifot ta gaske ta zo, maganin na iya ƙin ci.

To shin furobayotik na maganin rikicin hanji? Gaskiya ita ce likitocin duniya ma kansu bai haɗu ba. A 2021 ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya ta ce mutum zai iya gwadawa har mako 12, in bai ga sauyi ba ya daina. A shekarar dai, wata takwararta ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi don wannan lalurar, saboda hujjojin ba su yi ƙarfi ba. Wasu na samun sauƙin kumburi da iska, wasu ko gezau. Saboda haka duk wanda ya ce maka kafso ɗinsa na warkar da IBS gaba ɗaya, aljihunka yake hange.

In za ka gwada, ka yi shi da tsari. Ɗauki abu 1 kawai, ka yi aƙalla mako 4 a kansa, kana rubuta yadda kake ji. In kafso ne, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tuna abu ne mai rai; wanda ya sha zafin watan Afrilu a kan kanta, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki. In nono ne, fara da ludayi 1 ko 2. Tambayi mai nonon ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtuka. Kula da ruwa da ƙanƙarar da ake dama fura da su. Koko da daddawa su ma tsimammu ne, amma wuta ta riga ta kashe ƙwayoyinsu kafin su iso bakinka. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai kuwa, kada ya taɓa kafso sai da izinin likita.

Sai abinci. A Jami'ar Monash da ke Ostireliya, masu bincike sun gano wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotse su da kyau, sai su wuce babban hanji su jawo ruwa, ƙwayoyi su tsimar da su, iska ta taru. Sun sa musu suna FODMAP. A kwanonmu ana samun su a albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, zuma, mangwaro da kankana. Ku duba teburin mai shayi da daddare: burodi, shayi mai kauri da madara, Indomie da albasa da yaji. Ga mai rikicin hanji, wannan gayyatar faɗa ce. Abin farin cikin shi ne tuwon gero, dawa, masara da shinkafa galibi ba su da wannan matsalar, haka ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, gwanda da lemo. Kuɓewa kuma yauƙinta na taimaka wa mai taurin bayan gida.

Ga wata dabara ga masu girki: abin da ke damun hanji a albasa yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai. Soya albasar a mai, tsame ta, yi miya da man. Ko a sa koren lawashi. Ƙamshi na nan, fitina ta ragu.

Amma fa kada wani ya ji wannan ya haramta wa kansa wake da madara har abada, a wannan tsadar da wake ne naman talaka. Tsarin shi ne a rage na mako 2 zuwa 6, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a gane wanne ne mai laifin. Sami ɗan littafi, ko ka buɗe wayarka, ka rubuta abin da ka ci da abin da ya biyo baya. Naka mai laifin daban, na abokinka daban.

Sauran abubuwan ba sa cin ko kwabo. Ci a kan lokaci, kada ka wuni da yunwa sannan ka danne kwano 2 da dare. Tauna a hankali. Sha ruwa mai tsafta, kofi 8 a rana in da hali. Rage lemon kwalba, da abubuwan sha masu hana barci, shayi kada ya wuce kofi 3. Masu kodin da tiramadol, su ma suna ɗaure hanji. Motsa jiki: a wani gwaji da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2011, waɗanda suka riƙa motsa jiki minti 20 zuwa 60, sau 3 zuwa 5 a mako, sun fi samun sauƙi. Mu da Allah ya ba duwatsu a Roni, tafiyar yamma ma ta isa.

Sannan damuwa. Hanji da ƙwaƙwalwa suna magana da juna ta jijiyoyi, shi ya sa cikin ɗalibi ke ruɗewa ranar jarrabawa. Wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune ba aiki, ko yarinyar da ake matsa wa a gida, in suka ce cikinsu na ciwo, ba ƙarya suke ba, ba kuma raki ba ne. Isasshen barci da samun wanda za ka faɗa wa damuwarka na cikin magani.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kusan mutum 1 cikin 10 da suka yi mummunar gudawa ta ƙwayar cuta, rikicin hanji kan biyo baya. Ke nan rijiyar da ba a rufe ba da bahaya a fili suna da hannu a wannan magana. Ga ɗaliba mai wannan lalurar a makarantar da babu banɗaki mai ƙofa: ko ta ƙi cin abinci, ko ta ƙi zuwa aji. Don haka in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a a Roni, Gwiwa, Babura ko Kazaure, mu tambaye su ruwa mai tsafta, banɗaki a makarantu, da na'urar gwajin kashi a ƙananan asibitocinmu.

Wannan lalurar ba ta kisa, ba ta rikiɗewa ta zama kansa, amma tana cinye wa mutum walwala in bai san ta ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a je a yi gwaji tukuna, sannan littafi da biro, sannan haƙuri na 'yan makonni. In kun san wani da ya shekara yana shan maganin olsa ba sauƙi, ku karanta masa wannan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.