Tabar Bahiya da Bayin Wida

A shekarar 1727 ne Sarki Agaja na Dahome ya ci Wida da yaƙi, wato tashar jiragen ruwa da ke ƙasar Benin ta yau, shekara uku bayan ya murƙushe Allada. Daga nan sarautarsa ta samu ƙofar cinikin bayi da Turawa ba ɗan tsakani.

To, me ake karɓa a madadin mutum a wancan zamani? Bindiga da albarushi, wuri, barasa, sai kuma tabar Bahiya ta ƙasar Birazil. Wannan taba ce ta fi tsaya mini a rai. Ragowa ce, wadda ba a yarda a kai ta kasuwar Fotugal ba, sai a shafe ta da dafaffen ruwan rake ta yi zaƙi, a auna ɗan Adam da ita.

Dahomen ma ba ta tsira ba, domin a lokacin haraji take kai wa daular Oyo. Ta hanyoyin Oyo ɗin nan aka gangara da Hausawa bakin teku, musamman zamanin yaƙe-yaƙen jihadi. Waɗanda aka kai Bahiya daga cikinsu sun ƙulla tawaye a 1807, kuma da su aka yi boren bayi Musulmi na 1835 a birnin Salbado, cikin watan azumi.