Manhajar Kula da Gini da Ayyukan Yau da Gobe: Jadawalin da Ya Dace da Otal-otal da Gidajen Hayarmu



Wannan takarda za ta duba yadda manhajar kula da gini ke ɗauke wa manaja nauyin tuna ayyukan da ake maimaitawa, daga shara da gyaran ɗaki har zuwa duba injina. Gine-ginen da nake nufi su ne irin waɗanda mafi yawanmu ke riƙe da su: otal mai ɗaki talatin ko hamsin a Kano ko Kaduna, ko rukunin gidajen haya da mutum ɗaya ke kula da su a madadin mai shi. Matsayina shi ne manhaja ta fi kowane ma'aikaci riƙe lokacin aiki, amma jadawalin da take zuwa da shi an tsara shi ne don ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa kuma ƙura ba ta rufe sama. Wanda ya saye ta bai zauna ya rubuta nasa jadawalin ba, kuɗinsa ya kashe a banza.

Aikin da ba ya kira

A kowane gini akwai aikin da ke kiran mutum da kansa. Famfo ya fashe, ƙwan wuta ya mutu, baƙo ya buga waya yana faɗa. Wannan ba a mance shi. Wanda ake mancewa shi ne aikin da ba ya ƙara: wanke tankin ruwa, juyen baƙin man janareta, wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki, duba tukunyar kashe gobara, kwashe sokawe kafin ya cika. A yawancin wurarenmu lissafin waɗannan yana cikin kan mutum ɗaya, tsohon ma'aikaci amintacce wanda ya san kowane bututu. Ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya samu wani aiki, lissafin ya tafi tare da shi, wanda ya gaje shi kuwa sai abu ya lalace yake sanin akwai shi.

Kada a ɗauka asarar kuɗi ce kawai. A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke birnin Filadelfiya. Bayan an watse, mutum 221 suka kamu da wani ciwon huhu mai tsanani, 34 suka rasu. Sai a watan Janairun 1977 masu bincike suka gano ƙwayar cutar da yanzu ake kira Legionella, aka kuma danganta yaɗuwarta da ruwan na'urar sanyaya ginin. Kafin nan ma otal ɗin ya riga ya rufe, tun a watan Nuwamba, saboda baƙi sun ƙaurace masa. Ƙwayar tana yaɗo a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ake so a riƙe ruwan zafi a digiri 60. To ku duba baƙin tankin roba da ke saman rufinmu a watan Afrilu, da ɗakin da ya yi sati uku ba a buɗe shawarsa ba. Sakin ruwa na 'yan mintoci duk mako a ɗakin da ba kowa aiki ne ƙarami, kuma irinsa ne ba wanda zai tuna sai an rubuta masa.

Abin da manhajar ke yi

Manhajojin otal sun daɗe. Fidelio ta fito daga birnin Munik na Jamus a 1987, kamfanin Micros ya mallake ta, sannan Oracle ya saye Micros a 2014, kuma manhajarsa Opera ce manyan otal-otal da dama ke amfani da ita. Daga baya irin su Cloudbeds da Mews suka zo, waɗanda ke aiki ta intanet a biya su wata-wata. A ɓangaren gidajen haya akwai Yardi da Buildium da AppFolio. Ban zo tallar ko ɗaya ba, aikinsu a wannan fanni kusan iri ɗaya ne.

A otal, kowane ɗaki yana da matsayi a cikin manhaja: akwai baƙo, ko ya tashi ba a gyara ba, ko an gyara, ko an duba, ko an rufe don gyara. Da mai karɓar baƙi ya sallami wanda ya tashi, sai aikin gyaran ɗakin ya bayyana a wayar mai shara. Idan ta gama ta danna, shugabar masu shara ta zo ta duba ta tabbatar, nan take teburin karɓar baƙi ya ga ɗakin ya samu. An huta da hawa bene don tambaya, an huta da kunyar kai baƙo ɗakin da ba a sauya zanen gadonsa ba. Idan mai shara ta ga famfo na ɗiga, sai ta ɗauki hoto, aikin ya wuce kai tsaye ga mai gyaran famfo da lambar ɗaki da lokaci.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, kuma shi masu sayar da manhaja ke nunawa. Mai wuyar shi ne ayyukan da za a shigar sau ɗaya, manhaja ta riƙa fitar da su da kanta. A nan ne ake tambayar manaja: me zai tayar da wannan aiki, ranar wata ce, ko awannin da inji ya yi, ko wani abu da ya faru?

Janareta ba ya bin kalanda

Mu ɗauki janareta, tunda shi ne ran kowane otal a nan. Masu ƙera injinan dizal da yawa suna cewa a juye baƙin mai a sauya matata duk bayan awa 250, wasu samfuran kuma awa 500. Manajan da ya shigar da “duk wata” ya yi kuskure ta fuska biyu. Injin da ke aiki awa goma a rana zai cika awa 250 cikin kwana 25. A bazara, idan ya koma awa goma sha takwas, cikin mako biyu ya cika, sai ya ƙara wasu makonni biyun da mataccen mai. Wurin da kuma ya samu wuta sosai, ana juyar da man da bai gaji ba. Tun da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta kai farashin wutar masu amfani na rukunin A naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya a watan Afrilun 2024, wurare da yawa sun sake lissafin yadda suke raba aiki tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola, don haka awannin inji ba sa zama ɗaya daga wata zuwa wata. Gyaran shi ne mai kula da inji ya shigar da lambar agogon awa kowace safiya, manhaja ta tayar da aikin idan saura awa talatin, domin a samu sararin sayo mai da kiran makaniki. Manhajar da ba ta iya tayar da aiki da awanni, ni dai ban ga amfaninta ga otal a ƙasar nan ba.

Haka yanayi yake. Matatar na'urar sanyaya ɗaki da takardar kamfani ta ce a wanke lokaci-lokaci, a hunturu ƙura na toshe ta cikin 'yan kwanaki, injin ya riƙa wahala yana shan wuta ba sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris dole a matse tazarar, a kuma yi babban gyara kafin zafin Afrilu, lokacin da kowane mai gyara ke da layi. Faifan sola ma ƙurar ce ke rage masa ƙarfi, batiransa masu ruwa kuma suna son a duba su a ƙara musu tataccen ruwa. Share indararo da magudanai da duba rufi aikin watan Mayu ne, kafin damina ta kankama. Manyan ayyuka irin su fenti da feshin ƙwari da wanke labule a ajiye su a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Manhajar ta riga ta san ranakun da ɗakuna ke cika, kamar makon hawan sallah a Kano ko kwanakin baje kolin ƙasa da ƙasa na Kaduna, sai a hana ta sa aiki a cikinsu.

A gidajen haya akwai abin da manhajar waje ba ta sani ba. Gidan aure ba a shiga sai da izinin maigida. Aikin duba tanki ko wayoyin wuta ba zai yiwu ya faɗo wa mai gyara da safe ya je ya buga ƙofa ba. A tsara shi yadda saƙo zai fara zuwa wayar ɗan haya kwana biyu ko uku kafin ranar, ya zaɓi lokacin da yake gida, sannan aikin ya wuce ga mai gyara. Wakilin da ya yi sakaci da wannan zai ga ayyukansa suna taruwa, ana mayar da ma'aikatansa daga bakin zaure.

Danna “an yi” da yin aikin

Babban haɗarin tsarin nan shi ne allon manaja ya cika da alamar an kammala alhali tanki yana nan da gansakuka. Takarda ma ana yi mata haka, sai dai manhaja ta fi sa mutum ya saki jiki. Saboda haka ayyukan da suka shafi rai da dukiya kada a yarda a rufe su da dannawa kawai. A nemi hoto mai ɗauke da lokaci, ko lambar agogo, ko ma'aunin zafin ruwa. Tukunyar kashe gobara a ɗauki hoton allurarta duk wata. Sannan manaja ya zaɓi wasu ayyukan da aka rufe ya je ya gani da idonsa, ba tare da ya sanar ba.

Amma ina roƙon mu yi adalci ga ma'aikata, domin sau da yawa ƙaryar daga sama take farawa. Idan an ɗora wa mace ɗaya ɗakunan da ba za ta iya gamawa ba, an hana ta sabulu da safar hannu, za ta danna ne don ta tsira da albashinta. Gyaran ɗaki aiki ne mai cin baya da kafaɗa, har jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'ida ta musamman a 2018 don kare masu gyaran ɗakunan otal daga irin wannan rauni. Manhaja na nuna mintocin da kowa ya ɗauka, kuma wannan bayanin yana iya zama sanda a hannun mugun shugaba. Amfanin da ya dace shi ne a raba aiki daidai: ɗakin da iyali suka tashi bayan biki ba ɗaya yake da ɗakin matafiyin da ya kwana ɗaya ba. A bar lokacin salla da na abinci a cikin jadawali, a kuma sassauta a watan azumi.

Sai harshe. Da yawa daga masu sharar nan da masu gadi da yaran makanikai ba sa karanta Turanci. A rubuta ayyukan da Hausa, gajeru, da hoton yadda aikin ke kasancewa idan ya kammala. Inda manhaja ke karɓar saƙon murya a yi amfani da shi. Wayar aiki da kuɗin data a wuyan otal suke. A tabbatar kuma manhajar na aiki ko babu intanet, ta tura bayanan idan sabis ya dawo, domin ɗakin janareta da ƙarƙashin bene su ne wuraren da sabis ya fi rauni.

Kafin a biya kuɗi

Matakin farko ba ya buƙatar kwamfuta. A zagaya ginin da littafi tare da tsohon ma'aikacin nan, a rubuta kowace na'ura, inda take, samfurinta, shekarar da aka saye ta da ranar da aka taɓa ta a ƙarshe, a manna mata lamba. A fara da ayyuka kaɗan masu nauyi, ruwa da wuta da gobara, sai an ga ana rufe su da gaskiya sannan a ƙara. Wanda ya zuba ayyuka ɗari a makon farko zai koya wa ma'aikatansa yin watsi da ƙarar waya.

Manhajojin waje da dama da dala ake biyansu, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun tsakiyar 2023, don haka a yi lissafin shekara guda, a kuma gwada da na kamfanonin cikin gida. Manhajar za ta riƙe sunayen baƙi da 'yan haya da lambobinsu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan mai tattarawa. Mai shara lambar ɗaki take buƙatar gani, ba sunan wanda ke ciki ba. A sa a cikin yarjejeniya cewa duk ranar da aka rabu da kamfanin, za a ba ku tarihin gyaran injinanku gaba ɗaya a fayil ɗin da wata manhaja za ta iya karantawa.